Tauraro Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Littafin awon masu kawo ɗinki ne wannan, na juya shi ta baya. Gabansa duk ƙugu ne da kafaɗa da tsawon hannu. Nas mai tabarau ce ta ce in riƙa rubuta abin da Malam, maigidana, ya yi kullum a asibitin nan, ko yatsa ya motsa, ko ya bi mutum da ido, don in likita ta tambaya kada in tsaya inda-inda. To ga shi na rubuta: yau bai yi komai ba. Idonsa biyu, yana kallon silin. Na ce, "Malam, ni ce." Ya ci gaba da kallon silin.

Shekara talatin da takwas ina zaune da mutumin nan, ban taɓa rasa abin ce masa ba. Shi ya laƙaba mini Almakashi, wai bakina ya fi na shagona kaifi. Yau awa uku na yi a gefen gadonsa ina gyara bargon da ba abin da ya same shi.

Kwana huɗu ke nan da ranar Alhamis. Ba zan rubuta ranar Alhamis ba.

Talata, 4 ga wata, bayan azahar

Likitar yarinya ce, ba ta fi Autarmu ba, amma ta san aikinta. Ta ja ni waje ta ce, "Mama, yana ji fa. Ku kawo masa abin da yake son saurare, ku nuna masa fuskokin da ya sani. Makonnin nan na farko su ne abin kamawa, in suka wuce abu yakan yi wuya."

Na ce to. A raina na ce oh ni, yau ga ranar ofis.

Ofis shi ne kusurwar falonmu, inda kwamfutarsa take a kan tebur, da rigar da na ɗinka mata saboda ƙura. Tun da ya ajiye alli shekara shida da suka wuce, bayan shekara talatin da biyar yana fama da 'yan firamare, can ya tare. Da ya karya kumallo sai ya gyara hula ya ce, "Ni na tafi ofis," taku biyar ya isa. Duk hotunan gidan nan da na dangi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a cikinta. Kaset-kaset ɗinsa kwali tara, su ma haka. Ni ban taɓa taɓa ta ba sai da tsumman goge ƙura.

Na dawo gida na tsaya a ƙofar falo. Kujerarsa tana nan a kife yadda na same ta ranar da ya faɗi. Na wuce kicin.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Na ɗaga kujerar.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Silin. Ya haɗiye ruwa cokali biyu. Na yanke masa farce, bai janye hannu ba, bai kuma riƙe nawa ba.

Asabar, 8 ga wata, bayan magariba

Auta ta iso. Tafiyar awa huɗu da cikin wata bakwai, na yi faɗa, ta ce in adana faɗan sai ta huta. Daga asibiti muka dawo ta zauna a kujerar ubanta ta yaye rigar kwamfutar. Na juya ina gyara labule har ta kunnu.

Ashe manhaja biyu ce a ciki, ɗaya ta hotuna, ɗaya ta waƙoƙi. Auta ta ce irin na kyauta ne, ba na wani kamfani ba, mutane ne daga ko'ina suka haɗu suka gina, kuma kowa na iya leƙa cikinsu ya gyara. Na ce na sani, an yi mini wannan darasin ya fi sau goma. Cewa yake, "Almakashi, kamar rijiyar unguwa ce, kowa ya ɗiba, wanda ya iya yasa ya yashe." Ni kuma in ce, "To Allah ya sa kar ka faɗa ciki." Na faɗa wa Auta haka don ta yi dariya. Ta yi, ni ce ban yi ba.

Hotuna dubu ashirin da uku da 'yan kai. Kowanne ya rubuta masa wanda ke ciki, da shekara, da inda aka ɗauka. Manhajar har fuska take ganewa. Auta ta danna wani wuri sai ga kawunan dangi sun jeru a gefe, kowa da sunansa a ƙasa, rayayyu da matattu. Ga ni nan a ciki tun ina da wuya.

Waƙoƙin ne suka ɗaure mana kai. Dubu tara, kuma yawancinsu ba suna, sai dai "Kaset 214, gefe na biyu, ta uku". Na ce yanzu ta ina za a fara? Na san yana da waɗanda yake gunguni in yana aski, amma ni ban taɓa tambayar sunansu ba.

Auta ta ce, "Mama, ai Baba ya hutar da mu. Dubi nan." A gefen kowace waƙa akwai 'yan taurari, wata ɗaya, wata uku, wata biyar. Ta ce haka ake yi ko'ina a duniya, abin da ka fi so ka ba shi biyar, tarkace ka ba shi ɗaya. Ta tace masu biyar, suka fito ɗari da arba'in. Ta zuba su a memori, ta sa a 'yar rediyonsa ta hannu.

Na ji sanyi a raina. Na ce Allah ya yi miki albarka, ki tashi ki ɗora ƙafafun nan a kan filo, sun zama kamar burodi.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mun kai masa.

Ta farko tallar sabulu ce. Wallahi tallar sabulu, irin ta rediyo ta shekarun baya, da wata mata tana tsala ihu kan farin kaya. Muka kalli juna ni da Auta. Ta biyu wasu yara ne ke busa ƙaho, kowa da inda ya nufa. Ta uku kaset ɗin ya taɓa shan ruwa, mawaƙin yana ja kamar mai jin barci.

A gadon kusa da nasa akwai wani direban babbar mota da aka rataye wa ƙafa, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce, "Mama, don Allah wannan magani ne ko horo? Ai ko lafiyayye aka sa wa wannan sai ya kwanta."

A ta biyar Malam ya rufe ido. Can, a hankali, da ƙyar, ya juya fuskarsa bango.

Nas mai tabarau har da tafi. Ta ce, "Ya motsa wuya! Mama, ki rubuta, ya motsa wuya da kansa!" Ga shi na rubuta. Abin da ba ta lura ba, ni ina zaune a dama, bangon yana hagu.

Litinin, 10 ga wata, da rana

Auta ta koma, ba su ba ta hutu a kantin magani ba sai kwana biyu. Ta bar mini wani ɗan rumbu kamar akwatin ashana, ta ce in kwafe mata komai a ciki, "don ko da wani abu". Ba ta ƙarasa ba, ban tambaya ba. Ta rubuta mini yadda ake yi a takarda da manyan baƙaƙe, kamar ubanta.

Na kunna masa guda goma. Bango.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ban buɗe shago ba. Masu kaya su yi haƙuri, wanda ba zai iya ba ya zo ya ɗauki yadinsa.

Na zauna a ofis. Linzamin kwamfutar nan ya fi sa zare a idon allura wahala, ka nufi gabas ya yi yamma. Amma wanda ya iya keken ɗinki ba abin da zai gagare shi. Na ce tun da waƙa ba ta yi ba, bari in zaɓo hotuna in kai a wanke in manna masa a bangon nan da yake so. Na ga kaina a jerin kawuna, na danna.

Dubu ɗaya da ɗari tara da shida. Ban san an ɗauke ni haka ba. Ni a kan keke, ni ina tsefe wa Auta kai, ni ina barci a mota baki buɗe, Allah ya isa. Ni ranar da aka kawo ni gidansa, 'yar siririya, ido kamar na tsorataccen zomo. Sai da na yi murmushi.

Sai idona ya sauka ƙasan hoton. Tauraro ɗaya.

Na ce kuskure ne. Na duba na gaba. Ɗaya. Na gaba. Ɗaya. Wanda na sa shuɗin leshin da ya ce ya yi mini kyau, ɗaya. Wanda nake riƙe da Auta tana kwana biyu a duniya, ɗaya. Na yi ta gangarawa har yatsana ya gaji, ko guda bai yi kuskuren ba ni biyu ba.

Na mayar mata da rigarta.

Talata ɗin dai, bayan la'asar

Na je. Na goge masa fuska, na shafa masa mai a leɓe. Na kunna rediyon. Bango.

Laraba, 12 ga wata, da safe

Da a ce bayan ranar Alhamis ya yi, da na ce fushi ne, kuma na cancanta. Amma bayan ranar Alhamis bai sake zama a kujerar ba. Wannan aikin shekara shida ne. Yana zaune taku biyar daga inda nake yanka albasa, yana duba fuskata ɗaya bayan ɗaya yana danna mata ɗaya, sannan in kira shi cin abinci ya taso yana murmushi ya ce hannuna ba ya tsufa.

Tallar sabulu biyar, ni ɗaya.

Alhamis, 13 ga wata

Ba na son ranar nan.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Direba ya ce, "Mama, yau ba a ji almakashi ba." Auta ce ta gaya masa sunan, bakinta ita ma gado ne. Na ce ya dakushe. Ya dube ni. Can ya ce, "Da ba kya nan jiya da nas ta zo juya shi, idonsa na kan ƙofa." Na ce kowa ma ƙofa yake kallo a ɗakin nan, ɗana, kowa so yake ya fita.

Bari in rubuta kaɗan, ko na samu in numfasa. Na faɗa masa abin da na faɗa. A kan me? A kan shayi da ya huce, Allah na tuba, a kan shayi. Na buga ƙofa na tafi shago. Wayata ta yi ƙara sau biyu, na ga sunansa, na kife ta a kan yadi na ci gaba da yanka. Na ce bari ya ji yadda jira yake. Awa huɗu.

Iyakar abin da zan iya ke nan.

Asabar, 15 ga wata, da rana

Bango. Ruwa cokali ɗaya, ya dawo da shi.

Na daina zama a dama. Na ɗauki kujera na matse tsakanin gadon da bangon, don in ga ko ni yake gudu. Na kunna rediyon, ya rufe ido ruf. To na samu amsa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Likita ta ce Litinin mai zuwa za mu zauna mu yi magana, in kira Auta ta zo. Muryarta ta yi laushi da yawa. Na san irin wannan zaman, na raka mutane.

Na dawo na ce bari in yi wa yarinyar nan kwafinta. Na bi takardarta layi-layi. Kwamfutar ta ce ɗan rumbun ba zai ɗauka ba, kayan sun fi shi yawa. Na kira Auta. Tana cikin mutane, ta ce da sauri, "Mama, tace masu tauraro ɗaya ki watsar, ai tarkace ne, Baba ne dai ba ya iya zubar da abu. Sauran za su shiga."

Ba ta sani ba. Ban gaya mata ba, da wane baki? In ce wa 'ya ubanki ya sa uwarki a tarkace?

Na ce to. Na tace hotunan. Dubu biyu da ɗari huɗu da wani abu, kusan duk ni ce. Na zaɓe su gaba ɗaya suka yi shuɗi, na tura kwandon shara. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce ke ma kya tambaya, mai gidanki ne ya tabbata. Na danna.

Saura in zubar da kwandon, daga nan sun tafi ke nan. Ban zubar ba. Ba wai tausayi ba, sabo ne, tela ba ya zubar da ƙyalle ranar da ya yanka shi.

Talata, 18 ga wata, da yamma

Bango.

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Bango. Ya rame, zoben azurfarsa yana yawo a yatsa, na cire na ɗaure a bakin zanina.

Na yi masa aski. Na yi ta lallaɓawa kamar 'yar koyo, ni da nake yanka yadin mutane ba tare da alli ba. Na ce masa, "Malam, ko ɗaya ne ko rabi, ni dai ina nan. Ba ka da wata Almakashin." Ban sani ba ko ya ji. Ina sonsa, shi ke nan, na rubuta. Tsohuwa da ni, a littafin awo.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe goma na safe

Da sauri nake yi, rubutun zai karkace, a yi haƙuri. Wa ma zai karanta.

Na zauna in zubar da kwandon. Na ce bari in yi wa yarinyar nan mai idon zomo kallon ƙarshe. Ina gangarawa, ni, ni, ni, sai ga wata fuska da ba tawa ba.

Inna. Mahaifiyarsa.

Hoton nan guda ɗaya ne a duniya. Kwana biyu Malam ya yi a mota ya je wurin kawunsa ya roƙo shi, ya dawo da shi a cikin littafi, littafin a cikin riga. Ranar da ya sa shi a kwamfuta bai ci abincin rana ba. Mutumin da har yau in ya ambaci Inna sai ya sauke murya.

Tauraro ɗaya.

Na ce a'a. Ni dai ya iya, na yi abin da za a ba ni ɗaya. Amma Inna? Ko hankalinsa ya gushe ba zai sa Inna a tarkace ba. Na ci gaba da dubawa. Auta ranar da ta gama makaranta, ɗaya. 'Yan ajinsa na ƙarshe sun kewaye shi, ɗaya.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba duk kwanakin nan, na tace hotuna masu biyar. Ga babban yatsansa ya rufe rabin hoto. Ga wani duk hazo, ba ka sanin mutum ne ko tukunya. Ga ƙeyar wani baƙo. Ga silin ɗin falonmu, an ɗauka bisa kuskure. Ga sufetan makarantun nan da suka yi shekara uku ba sa ga maciji da Malam.

Na zauna baki buɗe. Sai na ji muryarsa a kaina, ƙarshen kowane zango, yana zaune a tabarma da tulin katin sakamako da jan biro: "To, wa ya zo na ɗaya?"

Na ɗaya!

Innalillahi. Shekara talatin da biyar mutumin nan yana jera yara, na ɗaya a gaba, na biyar a baya. Wa zai ce masa biyar ta fi ɗaya? Ya ga gurbi biyar, ya ba kowa matsayinsa yadda ya saba. Duk duniya na yi ta wata hanya, Malam na yi ta hanyar aji. Kuma ba wanda ya gyara masa, don ba wanda ya taɓa jan kujera ya zauna kusa da shi ya ce nuna mini abin da kake yi. Shekara shida, taku biyar.

Na yi dariya har na sarƙe, daga nan ta juye ta zama wani abu. Na kifa kai a kan teburinsa na yi mai isata. Dubu ɗaya da ɗari tara da shida, har wanda nake barci baki buɗe.

Kwana goma sha ɗaya ina ɗura wa bawan Allah 'yan bayan aji a kunne, ba shi da bakin cewa a kashe. Ba ni yake gudu ba, tallar sabulu yake gudu. Ni ma da na juya bango.

Na nemo inda ake mayarwa. Na zaɓe su duka na danna, na zauna ina kallo suna komawa mazauninsu, ban tashi ba sai da kwandon ya zama wayam. Na ƙirga lambar sau biyu. Ba wanda ya ɓata.

Alhamis ɗin dai, bayan azahar

Na kira Auta. Na gaya mata a wurin Malam tauraro ɗaya shi ne na ɗaya a aji. Sai ta ce, "Wayyo Baba." Sai dariya, sai kuka, sai ta ce, "Mama, ni na ce ki watsar." Na ce ni na danna, kar ki ɗauki kayan da ba naki ba da cikin nan. Ta ce me ya sa ban gaya mata hotunan wa na gani ba. Na ce in kin shekara talatin da takwas da naki mijin kya gane.

Ta koya mini ta waya yadda zan goge memorin in zuba wasu. Sau uku ina ɓatawa. Ta ce yanzu ta san inda ta gado taurin kai.

Yau na je ba rediyo. Direba ya ɗaga hannu sama ya ce Allah ya karɓi addu'arsa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Waƙoƙi masu tauraro ɗaya sittin da uku ne kacal cikin dubu tara. Malam ba ya rabon na ɗaya kamar gyaɗa. Na bi su. Ga ta askin nan, tun daga bugun farko na gane ta. Ga wadda yake sa wa Auta tana jaririya in ta ƙi barci. Ga wata mai sarewa da aka yi yayi shekarar da muka haɗu, na manta da ita sam, shi bai manta ba.

Ta ƙarshe ba lambar kaset. An rubuta, "Keke, Talata da safe".

Na danna. Shiru, sai ƙarar keken ɗinkina na gida, wanda ke ɗakin baya. Yana gudu yana tsayawa. Can ƙasa-ƙasa wata mata tana waƙa, ba kai ba gindi, rabi gunguni rabi ƙorafin tsadar zare. Sai da na ɗan jima kafin na yarda ni ce. Ashe haka muryata take? Minti shida yana naɗa daga ofis ban sani ba. Sai keken ya tsaya, na ji na ɗaga murya: "Malam! Shayinka zai huce, ka baro ofishin nan ka zo!"

Sai shi, dab da abin naɗar, yana danne dariya: "Ina zuwa, Almakashi."

Kwana ashirin da biyu ban ji muryarsa ba.

Juma'a, bayan magariba

Zan rubuta a tsanake, nas ta ce kar in bar komai.

Na isa ƙarfe huɗu. Fuskarsa na bango, tun kafin a kunna komai, ya riga ya saba. Direba ya ga rediyo a hannuna ya ce, "Mama, me muka yi miki kuma?" Na ce ka yi shiru ka sha kallo. Na zauna a dama, inda na saba. Ban ce masa ni ce ba. Na ajiye rediyon a kan filo na kunna ta ƙarshen.

Keke ya fara gudu. Minti ɗaya, ba komai. Minti biyu, na ga ƙeyarsa kawai da kunnen da na aske gefensa shekaranjiya. Matar cikin rediyo ta fara ƙorafin zare, direba ya toshe baki da bargo. Na ce a raina shi ke nan, na makara, makonnin da likita ta ce sun wuce ina can ina fushi da taurari.

Sai matar ta ƙwala kira. Sai ya amsa mata, ina zuwa.

Wuyansa ya motsa. Nas mai tabarau ta taho za ta taimaka, na ɗaga mata hannu. Ya daɗe, kai, ya daɗe, gumi har ya tsatso masa a goshi. Ya wuce silin bai tsaya ba. Ya zo har dama. Ya kalle ni, ni, ba ƙofa ba, ba bayana ba.

Duk abin da na tanada ya tsere. Na ce, "Malam, maganar da na faɗa ranar nan, ba haka ba ne a raina. Da wayar da ban ɗauka ba. Ka yafe mini."

Leɓensa ya yi ta motsi, gefe ɗaya kawai. Na kai kunne. Iska ce ta fara fita, sannan wani abu mai kama da magana.

"Sa… ke."

Na ce to, hakkinsa ne, malami ne, in yaro bai faɗa da kyau ba sai ya sake. Na share ido na gyara murya na faro daga farko: "Malam, maganar da na faɗa ranar nan…"

Ya rufe ido ya buɗe, irin na wanda ɗalibi ya gajiyar. Yatsunsa na hannun da ke aiki suka ja jiki a kan bargo, suka wuce hannuna, suka taɓa rediyon.

Direba ya ce, "Mama, ba ke ba. Waccan yake nufi."

Na sake masa. Da keken ya fara gudu sai yatsun suka baro rediyon suka dawo kan nawa, suka zauna.

Sau tara muka ji. Ban gaji ba, shi ma bai ce ya isa ba.